Wanda Ya Ga Cikawarsa

Talata, bayan la'asar. Bazarar 1983

Yau na yi baƙo daga gidan yari. A kan babur ya zo, da ɗan aiken hakimi a bayansa yana dafe da hula. Sunansa Malam Nagode, mutumin Maradun, aikinsa wai kula da jin daɗin fursunoni. Ban taɓa sanin gwamnati na ɗaukar mutum aiki don fursuna ya ji daɗi ba, amma ban faɗa masa haka ba. Muka yi ta gaisuwa har ruwan da Taibatu, uwargidana, ta aiko ya yi ɗumi. Ya tambayi gida, ya tambayi makaranta, ya tambayi alkama, ya koma ya sake tambayar gida. Nan na gane maganar da ke bakinsa mai nauyi ce.

Ya ce Balarabe na cikin waɗanda za a yi wa afuwa ƙarshen watan gobe, saboda an shaidi halinsa a ciki. Kafin a sa hannu an aiko shi ya ji ta bakin gidan da aka yi wa ɓarna.

Gidan da aka yi wa ɓarna mu ke nan. Balarabe ɗan maƙwabcinmu ne, a zaurena ya yi karatu tare da yaron. Yaron ɗana ne na fari, shi ya sa ba na kama sunansa, ko a takarda. Shekarar da katafilolin aikin dam suka baje gonakinmu, suka tuge gamba da itatuwan da muke gane iyaka da su, aka mayar mana da fili fetal kowa na lalube, su biyun suka fita da safe duba inda tamu ta tsaya tasu ta fara. Ɗaya aka kawo shi a kan ƙyaure, ɗaya 'yan sanda suka tafi da shi. An doshi shekara shida.

Na ba Malam Nagode amsar da nake ba kowa: na bar wa Allah. Ya gyaɗa kai, amma bai tashi ba.

"Allah gafarta Malam, wanga mun ji shi. To ku hwa? Akwai abin da kuke buƙata gare mu?"

Na ce babu. Ya ce duk Talata yana Mafara, kusa da tashar mota, in wani abu ya faɗo mini.

Laraba, bayan asuba

Na bar wa Allah. Haka na ce, kuma gaskiya ne.

Alhamis, bayan azahar

An kira ni gidan Ɗanlami masaƙi, jikin ya yi tsanani. A garin nan duk wanda zai bar duniya ni ake kira, tun ina da baƙin gemu. Na tarar 'ya'yansa sun yi masa rumfa suna ta ce masa faɗi, faɗi. Na kore su baya. Ba a ce wa mai barin duniya faɗi. Yana cikin wahala, in ka matsa masa sai ya ce a'a, ka ja masa abin da ba ka so. Kusa da kunne ake zama a riƙa faɗar kalmar a hankali, kamar mai lallashin jariri, har ya bi. Tsohon ya bi, ya cika da ita. 'Ya'yan suna kuka suna murna.

Na dawo gida tuwo ya ƙi wucewa.

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta yawo da magana. Na laƙanta wa mutanen da ban san adadinsu ba kalmar shahada, har da waɗanda ba mu ga maciji da juna. Yaron kuwa a gona ya cika, ban san ko ya faɗe ta ba. Wannan ne ke cina. Ba diyya ba, ba yawan shekarun ɗauri ba.

Ranar ban je gonar ba, kuma ko sau ɗaya ban taka kotu ba. Uba ba ya bin ɗan fari da ido, balle da kuka, haka muka taso muka tarar. Ƙanena Wakili shi ya yi ta zirga-zirgar shari'a, ya dawo ya ce an tambayi wa ya fara, an tambayi da me aka yi, an yanke. Abin da ya biyo bayan faɗuwar yaron ba wanda ya tambaya. Ni kuma gari ya ɗauki yabona, wai Malam Ɗantani dutse ne. Mutum ɗaya ne a duniya ya ga cikawarsa, shi ne wanda ba na son gani.

Jumma'a, bayan saukowa daga masallaci

Wakili ya tsinto labari a bakin masallaci, shi da ba ya rasa tsintuwa. Dangin Balarabe sun yanke shawara ba zai kwana garin nan ba. Daga ƙofar gidan yari kawunsa zai sa shi a mota sai kudu, can inda yake fataucin goro, kuma ba dawowa. Wakili ya ce madalla, Allah ya raka taki gona. Na ce masa ya iya bakinsa, ranar Jumma'a ce.

Gabana ya faɗi, ban nuna ba. In ya tafi, ya tafi da amsar.

Asabar, hantsi

An sako ruwan dam a kanal. Na je na tsaya a kan alkamar, ta kusa yanka. Yanzu siminti ne ya raba gonar tamu da tasu, ko makaho ba zai ɓata ba.

Lahadi, bayan magariba

Ba abin da nake buƙata.

Talata, bayan la'asar

Na ci kasuwar Mafara yau, ni da na manta rabona da ita. Na gaya wa Taibatu tawada zan sayo, ta dube ni ta dubi tulun tawadar da ke cike a zaure, ta ce a dawo lafiya.

Na wuce ta gaban tashar na dawo, na sake wucewa. Na sayi albasar da ba a aike ni ba. Daga ƙarshe Malam Nagode ne ya hango ni ya taso, ya karɓi albasar kamar wani kayan arziki, ya kai ni inuwar wani kanti. Na yi masa zancen zafi, na yi masa zancen tsadar taki, na zagi masu rabon ruwa. Mutumin nan yana da haƙurin zama da tsoho, bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da zancen ya ƙare mini sai na faɗa masa abin da ke cina, ina kallon ƙasa.

Na zaci zai ba ni haƙuri, shi ne abin da kowa ke da shi a aljihu. Bai ba ni ba. Ya ce tambaya ce mai kyau kuma haƙƙina ce. Sai dai ziyara a wurinsu ta dangin fursuna ce, tun da ya kama aiki bai ga an shigar da wanda aka yi wa laifi ba. Zai kai maganar gaban maigidansa, babban gandiroba. Na ce ya tambayo mini kawai ya kawo amsa. Ya ce zai iya, amma ya san ni, in ba da kunnena na ji ba, zan ce an gyara maganar a hanya don a faranta mini.

Mutumin nan haɗuwarmu biyu, har ya san ni. Abin ya ba ni haushi, don gaskiya ya faɗa.

Alhamis, bayan azahar

Garin nan ba a ɓoye tari. Wani ya gan mu a inuwar kanti, Wakili ya shigo zaure ko zama bai yi ba.

"Yaya, mi kaka nema? Shekara da shekaru mutane na buga misali da kai, yanzu ka tai gidan yari bin ɗan hwari da tambaya? Mi za a ce?"

Na ce, "Misalin da sunka buga ya taɓa sa ni barci?"

Ya ce shi ya zauna a kotu ya ga fuskar Balarabe, ni ban gani ba, kuma duk abin da zai fito daga wannan bakin ƙarya ce ta mai neman a sake shi. Ya fita bai yi sallama ba. Na bi shi da baƙar magana har ƙofa, abin da bai dace da mai gemu irin nawa ba.

Wakili ba mugu ba ne. Shi ya goyi yaron a wuya yana ƙarami, duk wasan da kunya ta hana ni shi ya yi masa. Kuma maganarsa ta zauna mini. In ƙarya ce fa?

Talata, bayan magariba

Babban gandiroba ya ce a'a. Wai yana tsoron a yi abin da ba a so a cikin gidansa, kuma wanda aka yi wa laifi kotu ce tasa. Kotun da ta gama da mu tuni.

Laraba, hantsi

An fara yankan alkama. Na yi wa ɗalibai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Jumma'a, bayan la'asar

Shi ke nan, na bar wa Allah. Wannan karon da haushi na rubuta, Allah ya yafe mini.

Lahadi, bayan azahar

Ƙarar babur a ƙofar gida. Malam Nagode ne, ranar hutunsa, ya sha ƙura har gira. Ashe bai haƙura ba. Ya bi ta wajen limamin da ke ja wa fursunoni sallar Jumma'a, wanda ke cikin masu ba da shawarar afuwa. Limamin ya ce wa babban gandiroba, in dai ana aika mutum ya tambayi gidan mamaci buƙatarsu, to a shirya jin amsa, in ba haka ba a daina ƙona mai. An yarda, da sharaɗi. Za a laluba ni a ƙofa. Limamin da Malam Nagode za su zauna tare da mu. Duk wanda ya ji ba zai iya ba, ya tashi, ba mai riƙe shi. Kuma sai Balarabe ya yarda, ba za a tilasta shi ba.

Wannan na ƙarshen ya tsaya mini a wuya. Na ce wato yanzu ni ke roƙo. Malam Nagode ya ce maganar da aka matso da ƙarfi ba za ta yi mini amfani ba. Ya ƙara da cewa ya bayyana wa Balarabe afuwarsa ba ta rataye da wannan zama ba, ya zo ko kada ya zo, ya faɗi mai daɗi ko marar daɗi, duk ɗaya. Na ji wani ƙulli ya kwance. Ba shi da abin da zai saya da ƙarya ke nan.

Na tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa a kaina. Ya ce kabarin mahaifinsa na ƙarƙashin ruwan dam tun da aka tashe su daga tsohon gari, ranar da ruwan ya rufe wurin yana makaranta, ba wanda ya aika masa. Taibatu ta aiko masa da fura, ya shanye tas.

Laraba, bayan asuba

Shiru. Watan afuwar ya raba.

Alhamis, bayan la'asar

Saƙo ya zo ta bakin wani direban Mafara. Balarabe ya ƙi abinci da farko, ya ce gara a ƙara masa ɗauri da ya haɗa ido da ni. Jiya ya aika a kira Malam Nagode, ya ce ya yarda. Litinin.

Asabar, bayan magariba

Na gaya wa Taibatu zan shiga birni a duba mini ido. Ta wanke farar rigata ta buga ta, ta ajiye a kan gado. Da tsufana ina yi wa matata ƙarya kamar yaron da ya sha nonon sayarwa.

Wakili ya aiko da goro, ba saƙo. Na fahimta.

Lahadi, bayan azahar

Ina jin tsoro. In ya ce bai faɗa ba, ina zan kai wannan?

Litinin, bayan la'asar, a tashar Mafara

Ina jiran mota ta cika, bari in rubuta tun yana da zafi.

An laluba ni a ƙofa, wani gandiroba ya karɓe sandata yana ba ni haƙuri. Aka kai ni wani ɗan ofis, an ture tebur gefe an shimfiɗa tabarma. Limamin tsoho ne kamata, muka gaisa. Sai aka shigo da shi.

Abin da na fara ji fushi ne, ba zan ɓoye ba. Ya yi gemu, ƙirjinsa ya buɗe, ya zama magidanci. Na ce a raina, da haka yaron zai zama yanzu. Da sandata na hannuna ban san me zan yi ba, ashe babban gandiroba ba wawa ba ne. Ya durƙusa nesa da tabarma ya gaishe ni. Na amsa, don gaisuwa ba ta da laifi. Ya fara neman gafara, na ɗaga hannu na ce ba wannan ya kawo ni ba. Na ce ya faɗa mini abin da ya faru bayan yaron ya faɗi, kada ya rage, kada ya ƙara.

Ya ce gudu ya fara yi. Ya kai bakin sabon ramin kanal sai ƙafafunsa suka ƙi, ya juyo. Ya tarar da shi yana numfashi sama-sama. Ya zauna ya ɗora kansa a cinyarsa, ya yi ta kiran mutane, ba kowa sai ƙarar katafila can nesa. Da ya ga idon ya fara juyawa sai ya sunkuya.

"Baba Malam, na yi yadda nika ganin kana yi. Ban ce mai hwaɗi ba. Bakin kunnenai nis sa bakina, ina ta hwaɗi sannu-sannu."

Na ce, ya bi?

Hawaye na zuba a gemunsa.

"Ba ni yi maka ƙarya. Murya ban ji ba. Leɓɓanai na motsi tare da nawa, in na tsaya su tsaya, in na ɗauka su ɗauka. Hakanan har yac cika. Iyakar abin da nig gani ke nan."

Da ya ce mini yaron ya faɗa da ƙarfi garau, da na tashi na kama hanya, na ce Wakili ya yi gaskiya. Amma wannan na san shi. Na zauna a kan masu cikawa da yawa, na san yadda murya ke riga leɓe tafiya. Wanda bai gani ba, ba zai iya ƙirƙiro shi ba.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tuntuni. Ya ce a kotu ya fara, aka ce ya tsaya kan abin da aka tambaye shi. Bayan nan kuma da wane baki zai aiko mini, hannun da ya yi ɓarnar shi ne ya tallafi kan.

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Ni Ɗantani, a gaban gandiroba da fursuna. Limamin ya juya fuska yana jan carbi, Malam Nagode ya tashi ya tsaya a ƙofa ya ba mu baya. Allah ya saka musu, ba wanda ya ce in yi haƙuri.

Da na natsu Malam Nagode ya tambaye ni ko akwai saura. Na ce a sanar da ni ranar sakin kafin in ji a bakin masallaci. Ya ce ya ɗauka. Balarabe kuma na ce masa maganar yafiya ba yau ba, ba kuma tawa ce ni kaɗai ba. Amma kada ya wuce kudu kamar ɓarawo, ya biyo ta gida ya gai da tsohuwarsa, ba mai taɓa shi, ni na faɗa. Wakili zan ji da shi.

Mota ta cika. Rabona da in ji yunwa irin ta yau na manta.

Talata, hantsi

Jiya na iso ana kiran magariba, ban ce komai ba sai yau da safe. Na sami Taibatu tana tankaɗe a tsakar gida, na ce mata ba ido na je dubawa ba. Ta ce ta sani, mai ciwon ido ba ya zura zare a allura, ta gan ni ranar Jumma'a.

Na zauna a kan turmi na faɗa mata duka, ina ta sauri in kai wurin kalmar, don a zatona ita ce albishir. Ta ce alhamdu lillahi, amma hannunta bai bar rariya ba. Sai ta ce, ba ta dube ni ba:

"Malam, ni ba a tambaye ni ba. Baƙon ya zo har sau biyu, ruwa da hura kawai anka amsa hannuna."

Kunya ta rufe ni. Ita ma ɗan farinta ne, ita ma an yabe ta. Muna gida ɗaya kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa, ban taɓa kawowa tana da tata tambayar ba. Na ce ta faɗa, in ban da amsa zan koma, Malam Nagode zai buɗe mana ƙofa.

"Ranar da anka kawo shi, na ga ƙasa ga rigatai. Kainai hwa? Bisa ƙasa yac cika, shi ɗai?"

Na ce a'a. A cinyar mutum ya cika, ana riƙe da shi.

Ta ajiye rariyar a hankali, ta karkaɗe zaninta, ta shiga ɗaki. Sai na ji kukan da ba ta yi ba ranar, da ƙarfi, har maƙwabta. Mata suka fara shigowa da mayafai a hannu. Na ja tabarmata na zauna a ƙofar ɗakin, na hana kowa shiga ya ba ta haƙuri.